Jirgin na wani, albashin na wani: ɗan yayata ya sa hannu ko ya dakata?

Baban Sadiya (ta wajen Taura)

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a harkar jirgin sama ku taimaka min da shawara don maganar nan ta fi ƙarfin sanina, ni malamin firamare ne, abin da na sani na ƙungiya bai wuce NUT ɗinmu ta malamai ba.

Ɗan yayata ne, mahaifinsa ya rasu tun yana sakandare, to ni ne kawu ni ne uba. Yaron tun yana ƙarami ba shi da zance sai na jirgi, Allah kuma ya ba shi kai, ya samu shiga kwalejin nan ta Zariya ya koyi tuƙi ya fito da lasisi. Abin da karatun ya ci kar ku tambaya, gonar fadamar da uban ya bari ta tafi, shanun huɗa sun tafi, har 'yan kunnen zinaren uwar. Muka ce alhamdulillahi wahala ta ƙare, ashe lasisi daban samun aiki daban, duk inda ya kai takarda sai a ce awanninsa sun yi kaɗan ko a ce ya je ya yi horon irin jirgin da suke da shi da kuɗinsa tukunna, yanzu haka a shagon cajin waya na abokinsa yake wuni a Gujungu.

To wata dama ta zo amma ta ɗaure min kai. Jirgin da zai tuƙa, fentinsa da sunan da ke jiki na wani sanannen kamfani ne, fasinja ma a wajensu za su yanki tikiti, amma takardar aikin da aka turo masa ba sunansu ba ne a kai, wani ƙaramin kamfani ne da ban taɓa jin sunansa ba, su ne za su riƙa biyansa. Kwantiragi ne na shekara 2, kuɗin horon su za su biya amma za a dinga cira a albashi, in kuma ya bar aikin kafin lokaci sai ya biya. Na ce masa to in babban kamfanin ya janye aikinsa fa, kai ina ka tsaya? Sai ya ce wai Kawu ai ko a Amurka haka ake yi, kowa a ƙaramin kamfani yake farawa, kuma ƙungiyar matuƙa ta can ma ta yarda da tsarin.

Shin da gaske ne? In da gaske ne ta yaya ƙungiya za ta zauna a kwashe aikin 'ya'yanta a ba wasu? Kuma ya sa hannu ko ya dakata? Uwar ni ta zuba wa ido wallahi.

Injiniya (Bichi)

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifinsa, kai kuma ya saka maka da alheri da riƙon maraya. Ni ba matuƙi ba ne, ɓangaren gyara nake, amma tare muke wuni da su kuma ƙungiyarmu ma ɗaya ce, NAAPE, ta matuƙa da injiniyoyi.

Yaron bai yi maka ƙarya ba amma rabin labarin ya ba ka. Ka san yadda za ka hau mota a Kano ka biya kuɗin Haɗeja, kuna zuwa Gujungu direba ya ga fasinja sun ragu ya sauke ku ya sayar da ku wa ƙaramar mota? To haka manyan kamfanonin jirgin Amurka, Delta da United da American, suke yi, sai dai su tun daga yankar tikiti aka tsara abin. Za ka ga jirgi an rubuta Delta Connection ko United Express ko American Eagle a jikinsa, amma masu tuƙin ma'aikatan SkyWest ne ko Republic ko Endeavor ko Envoy. Babban kamfani shi ke sayar da tikiti, shi ke yanka farashi, shi ke cewa ga garin da za a je ga lokacin tashi, kuɗin fasinja duk nasa ne, ƙaramin kuma biyansa ake yi a kan tashin da ya yi ko jirgi ya cika ko bai cika ba. Wasu ƙananan ma mallakar manyan ne kacokan, Endeavor na Delta ne, Envoy da PSA da Piedmont na American ne, amma duk da haka albashinsu daban, takardar aikinsu daban, layin siniyoritinsu daban.

Siniyoritin nan ka riƙe shi da kyau Malam don shi ne rayuwar matuƙi a can. Ranar da aka ɗauke ka ita ke nuna irin jirgin da za ka tuƙa, ranakun hutunka, yaushe za ka zama kyaftin, da wa za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. Kuma ba ya bin ka, ko shekara 20 ka yi kana kyaftin in kamfaninka ya rushe ka koma wani, a ƙarshen layi za ka tsaya a bayan yaron da aka ɗauka jiya.

Maganar wai ƙungiya ta yarda, ba yarda ce ta son rai ba, faɗa ne da ake yi shekara da shekaru. A cikin yarjejeniyar matuƙan manyan kamfanonin akwai wani sashe da suke kira sikof, shi ne yake shata iyakar aikin da kamfani zai iya bayarwa waje. A manyan nan uku, jirgin da za a ba ƙaramin kamfani kada ya wuce kujera 76, nauyinsa a lokacin tashi kada ya wuce fam 86,000, wajen tan 39 kenan, sannan adadin irin waɗannan jiragen ma an ƙayyade shi. Duk abin da ya haura haka dole matuƙan gida su tuƙa. Kuma sharaɗin yana da ƙarfi har kan masu ƙera jirgi, kamfanin Embraer na Burazil ya ƙera sabon samfurin E175, wato E2, ya fi tsohon rashin shan mai amma ya ɗara nauyin da aka yanka, ƙungiyoyi suka ƙi sassautawa, dole kamfanin ya jingine shi ya ci gaba da ƙera tsohon. A 2019 kuma United da suka cike adadin irin waɗannan jiragen da aka ƙayyade musu sai suka ɗauki jirgi mai cin mutum 70 suka cire kujeru ya koma 50, suka kira shi CRJ-550, duk don kar su taka sharaɗin.

To ta ina aka kai 76 alhali da can jiragen kujera 50 ne? Ta ƙofar karayar arziki. United ya shiga kotun fatara a 2002, Delta da Northwest a 2005, American a 2011, kuma in kamfani yana gaban wannan kotun alƙali na iya ba shi damar warware yarjejeniyar ma'aikata, ga albashi an zabtare ga fansho yana tangal-tangal, a nan aka matse su suka saki. Wani lokacin kuma ciniki ne ido buɗe, kamar 2012 da matuƙan Delta suka yarda a ƙara jirage 70 masu kujera 76 a waje, su kuma kamfani ya ajiye ƙananan masu 50 da yawa ya kawo Boeing 717 da 'yan gida za su tuƙa.

Kuma yajin aiki a can ba kamar namu ba ne da za a ba da wa'adin mako biyu a rufe ƙofa. Dokar da ke kansu ta ma'aikatan jirgin ƙasa ce ta 1926 da aka sa 'yan jirgin sama a ciki a 1936, yarjejeniya ba ta mutuwa sai dai lokacin gyaranta ya zo, a yi ta zama, hukumar sasanci ta gwamnati ta shiga, ba ka da ikon ajiye aiki sai ta sallame ku sannan a ƙara jiran kwana 30, shi ya sa ciniki ɗaya yake cin shekaru. A Fabrairun 1997 matuƙan American sun shiga yaji, kuma maganar wa zai tuƙa ƙananan jiragen nan tana cikin abin da ya haɗa su, cikin 'yan mintoci shugaba Clinton ya sa hannu ya tsayar da shi.

Tambayar da ka yi wa yaron ita ce tambayar, kuma ga amsarta. Comair ƙaramin kamfani ne na Delta, matuƙansa suka yi yajin kwana 89 a 2001 suka samu ƙari mai kyau, daga nan Delta ya shiga rarraba aikin ga wasu ƙananan don kar guda ɗaya ya sake riƙe masa wuya, a 2012 aka rufe Comair gaba ɗaya. ExpressJet kuma a 2020 United ya ɗauke aikinsa ya ba wani, cikin 'yan watanni ya tsaya cak. Matuƙan ba su yi laifin komai ba.

Maman Khalifa (Kazaure)

Innalillahi. Injiniya ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Shekarar da na sauke farali, jirgin da ya kwashe mu daga Kano sunan da ke tikitinmu daban, ma'aikatan ciki kuma fararen fata ne ko gaisuwa ba ma iya yi da su sai da hannu, tsohuwar da ke kusa da ni har ta tsorata tana ta salati ta ɗauka jirgin wata ƙasa muka shiga bisa kuskure, sai da malamin bita ya kwantar mata da hankali. Mun je lafiya mun dawo lafiya alhamdulillahi, amma tun lokacin nake tunani, in Allah ya kiyaye wani abu ya faru wa za a kama? Mai sunan ko mai jirgin? Kuma wanda ake biya kaɗan anya hankalinsa zai kwanta a sama da rayukan mutane a hannunsa?

Baban Sadiya ka gaida min yayar taka, ni ma uwa ce na san abin da take ji.

Injiniya (Bichi)

Hajiya wannan tambayar taki ita ce ta girgiza Amurka a 2009. Ranar 12 ga Fabrairu da dare wani jirgi ya tashi daga Newark zai je Buffalo, fasinjoji tikitin Continental suka saya, fentin ma na Continental Connection ne, amma mai jirgin wani ƙaramin kamfani ne Colgan Air. Dab da sauka ya faɗa kan wani gida, mutum 50 suka rasu, 49 na ciki da mutum ɗaya a gidan. Masu bincike suka ce gudun jirgin ne ya ragu, na'ura ta yi gargaɗi, kyaftin maimakon ya danna hancin jirgin ƙasa ya samu gudu sai ya ja shi sama. Amma abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne rayuwar matuƙan da ta fito fili. Mataimakiyarsa yarinya ce 'yar shekara 24, abin da take samu a shekara wajen dala 16,000 ne, a Amurka wannan ba ya riƙe mutum, shi ya sa tana zaune da iyayenta can Seattle, ɗaya ƙarshen ƙasar, ta kwana tana bin jiragen kaya a matsayin rage hanya kafin ta iso wurin aiki.

Iyalan mamatan ba su zauna ba, suka dinga sintiri majalisa har aka yi doka a 2010. Daga 2013 mataimakin matuƙi sai yana da awa 1,500 kafin ya ɗauki fasinja, da can awa 250 ta isa, an dai rage wa tsoffin sojoji da masu digirin harkar. Aka gyara dokar hutu, aka kuma wajabta wa masu sayar da tikiti su rubuta sunan kamfanin da zai yi tashin na gaskiya, wato dai abin da ya ruɗa tsohuwar nan taki.

Naku na Hajji kuma wani salon ne, haya ce ta jirgi haɗe da matuƙansa da masu gyaransa da inshorarsa, a nan gida wannan ne ya fi yawa. Lasisin tashi na mai jirgin ne don haka lafiyar tashin tana wuyansa, amma fasinja wanda ya sayar masa da tikiti ya sani.

Kwamared (Ringim)

Injiniya ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ni a matsayina na wanda ya daɗe a harkar ƙwadago a ƙaramar hukuma akwai inda ba zan bi ka ba. Kana ba da labarin kamar ƙungiya ce jarumar, ni kuma ina ganin manyan matuƙan da hannunsu a ciki dumu-dumu. Lokacin da ƙananan jiragen nan suka fara fitowa da sun dage cewa duk jirgin da ke ɗauke da sunan kamfaninmu mu za mu tuƙa shi, ko da albashin farawa kaɗan ne, da layi ɗaya ake da shi yau, yaro ya shiga ta ƙasa ya hau har sama. Amma kowane zama aka yi sai a sayar da aikin yaran da ba a ɗauka ba tukunna a karɓi ƙarin kuɗi ga waɗanda ke zaune a teburin, don wanda ba a ɗauka ba ba ya kaɗa ƙuri'a.

Kuma ka duba, ƙungiyar matuƙa ta ALPA da aka kafa tun 1931 ita ke wakiltar matuƙan Delta da United, ita ce kuma ke wakiltar na Endeavor da wasu ƙananan. Ƙungiya ɗaya, ɗanta na sama yana so a tsuke aikin waje, ɗanta na ƙasa kuma da aikin wajen yake ci. Wa za ta fifita ranar da suka yi karo? SkyWest kuwa da ya fi duk ƙananan girma matuƙansa ba sa cikin ALPA ma sam. Ga babban kamfanin Southwest nan, ba shi da wasu ƙananan kamfanoni masu tashi da sunansa, kuma bai mutu ba, kenan ana iyawa.

A 2023 Delta suka samu ƙarin kashi 34 cikin ɗari a shekara 4, United har kusan 40, ban ce ba su cancanta ba, haƙƙinsu ne. Amma ƙananan da albashinsu ya tashi ba tausayi ba ne ya tashe shi, ƙarancin matuƙa ne, a korona aka lallaɓa tsofaffi da yawa suka yi ritaya, dama doka ta ce shekara 65 ka sauka, kasuwa na dawowa manya suka kwashe kyaftin-kyaftin na ƙanana, jirage suka zauna a ƙasa babu mai tuƙawa, sai ga Piedmont da Envoy a 2022 sun ɗaga kuɗin sabon mataimaki daga dala 51 zuwa 90 a awa. Ranar da matuƙa suka yi yawa wa zai riƙe wannan farashin?

Sannan dokar awa 1,500 ɗin, matuƙan Colgan su biyun duk sun haura 1,500 a lokacin hatsarin. Ta taimaka wa albashi don ta tsuke ƙofa, amma ɗan talaka irin na Malam ta ƙara masa nisa.

Ɗan Dutse

Ni dai ku yi haƙuri, kowa yana maganar matuƙa babu mai maganar mu mutanen ƙananan garuruwa. Filin jirginmu na Dutse da aka gina zamanin Sule Lamido ga shi nan, titinsa babba ne har jirgin alhazai yana sauka, amma a kwanakin da ba na Hajji ba ku je ku gani, mutum yana da larura a Abuja sai ya fara kama hanyar Kano. Wa zai kawo Boeing 737 Dutse kullum ya cika shi? Babu. Sai dai ƙaramin jirgi mai kujera 50 irin Embraer 145 ɗin da Rano Air ke amfani da su, kuma ƙaramin jirgi fasinja kaɗan ne ke raba kuɗin mai da na matuƙa biyu, in ka ce sai an biya su kamar na babban jirgi tikitin zai fi ƙarfin kowa. Can Amurkan ma da albashin ƙanana ya tashi kuma matuƙa suka yi ƙaranci, a 2022 American ya daina zuwa garuruwa irin su Toledo da Dubuque. Su ma fa tun 1978 da aka sakar wa kamfanoni mara, gwamnatinsu take biyan tallafi don a ci gaba da zuwa wasu ƙananan garuruwa. Don haka ni ban ga laifin tsarin ba in za a yi shi da tsoron Allah, yaro ya tara awanni, mu ma mu samu jirgi.

Kwamared (Ringim)

Ɗan Dutse ka kawo amsar da bakinka, tallafi. In jiha na son jirgi ya sauka a garinta ta sa kuɗi, ba a ciro kuɗin daga aljihun yaron da aka sayar da gonar ubansa ba.

Alhaji Tsohon Ma'aikaci (Dambatta)

'Ya'yana duk na karanta. Ni na yi aiki a filin jirgin Malam Aminu Kano tun Nigeria Airways tana da rai, ban tuƙa ba amma na ga matuƙa a lokacin da in suka shigo da farar riga kowa sai ya miƙe. A 2003 kamfanin ya tsaya, na ga mutanen nan da idona suna zuwa da fayil a hammata, takardun sun yi laushi saboda yawan buɗewa, suna bin haƙƙinsu, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta saki sama da naira biliyan 22 a matsayin wani kaso, kafin nan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Wannan fa kamfanin gwamnati ne, ma'aikatan dindindin, da ƙungiya da komai.

Shi ya sa Baban Sadiya nake ce maka kar ku auna da Amurka. Can yaron da ya shiga ƙaramin kamfani akwai tsani a gabansa, wasu ma a rubuce yake cewa in layinka ya zo za ka wuce babban kamfani ba tare da sabuwar intabiyu ba, kamar yadda American ke yi da nasa ƙananan. A nan ni ban ga wani sharaɗi irin na kujera 76 da ke hana kamfani ɗauko jirgi da matuƙansa daga waje ba, kamfani yana ganin ya fi masa sauƙi zai ɗauko ya biya da dala, namu yaran suna zaune. Ɗalibai 100 da Kano ta tura Jodan koyon tuƙi zamanin Kwankwaso na biyu, ku tambaya nawa ne suka daɗe a gida bayan sun dawo, duk saboda horon nau'in jirgi da ƙarancin awa, ciwon yaronka ne sak. A Agustan 2020 kuma Air Peace ya sallami matuƙa wajen 70, Bristow ya sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100 ana tsaka da rigima da NAAPE. Ko a Kenya da ƙungiyarsu ke da ƙarfi, yajin matuƙan Kenya Airways na Nuwamban 2022 kwana 4 ya yi kotu ta ce su koma.

Duk da haka ni ba zan ce ya ƙi ba. Matuƙin da ba ya tashi hannunsa mutuwa yake yi, ga gwajin lafiya ga sabunta lasisi duk kuɗi ne, wata biyu uku sai ka ga shekara ta wuce, 'yan bayansa sun fito. Amma kar ya sa hannu a yadda takardar take.

Baban Sadiya (ta wajen Taura)

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, Hajiya, yayata za ta ji gaisuwarki insha Allahu. Na kira yaron na karanta masa duka, ya yi shiru, sai ya ce yana tsoron in ya fara tambaye-tambaye su ce ya cika fitina su ba wani, don masu jira suna da yawa. Na sake duba takardar da kyau da fitilar waya, shafi na huɗu ya ce in ya ajiye aiki zai biya kuɗin horo, amma ban ga inda aka faɗi abin da zai faru in su ne suka ajiye shi ba. Injiniya me da me ya kamata ya nema a rubuta?

Injiniya (Bichi)

Malam wannan gurbin da ka gano shi ne mafi haɗari a duk takardar, a kansa zai fi dagewa. A rubuta ƙarara cewa in kamfani ne ya sallame shi ba da laifinsa ba, ko babban kamfanin ya janye aikin, ko jirgin ya zauna a ƙasa, bashin horon ya faɗi. Sannan bashin ya zama adadi ne sananne da ke raguwa duk wata, ba wai ya yi wata 20 ya tafi a ce ya biya kamar bai yi komai ba, kuma a faɗi da naira ne ko da dala, don in da dala aka rubuta shi kuma naira yake karɓa to duk faɗuwar naira bashinsa ƙaruwa yake yi yana barci. In sun nemi mai tsaya masa kar ka ba da takardar gida ko ta gona, ko ta wa ce.

Ya binciki ko ƙaramin kamfanin yana da lasisin tashi nasa daga NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a ƙasar nan, ko kuwa dillalin ma'aikata ne kawai, wannan ba sirri ba ne, kuma ya nemi ko mutum ɗaya da ke aiki a can ya tambaye shi ana biya a kan lokaci ko ana bin su watanni. Albashin ma ya duba, in duk a kan awar tashi yake to watan da jirgi ya tafi gyara ba shi da ko sisi, sai an sa masa wani abu tsayayye da zai samu ko an tashi ko ba a tashi ba. Inshorar rasa lasisi ita ma ya tambaya, don ciwon ido ko hawan jini kaɗai na iya sauke matuƙi har abada. Horon kuma ya tabbata na irin jirgin da wasu kamfanoni a ƙasar nan suke da shi ne, in wannan aikin ya mutu ya samu inda zai kai shi, kuma satifiket ɗin da littafin awanninsa su zauna a hannunsa ba a ofishinsu ba.

Maganar tsoron tambaya, ya tura a rubuce cikin ladabi, abu uku ko huɗu kawai mafi nauyi, kamfanin da ke da niyyar biya ba ya jin haushin irin wannan. Shiga ƙungiya kuma haƙƙinsa ne a tsarin mulki, sashe na 40, ko an ce masa da baki kar ya shiga ya yi shiru dai ya kama aiki tukunna. Kafin ranar da suka ba shi ku kai takardar wa lauyan da ya san shari'ar ƙwadago a Kano ko Dutse, ba lauyan fili ba, ya karanta shafi na huɗun nan da abin da ke bayansa. In babu wanda kuka sani ka yi min magana ta gefe in haɗa ku da wanda ya duba min tawa.